Waiwaye: Shittu Alao, ɗan Dorowa Babuje da ya faɗi a Uzebba

Duk wanda ya bar Jos ya bi ta Bukuru zuwa Barikin Ladi zai ga manyan kududdufai da tsibin jar ƙasa da masu haƙar kuza suka bari. Gaba kaɗan akwai Dorowa Babuje. Na sha wucewa ta garin ba tare da ya ja hankalina ba, sai da na san cewa a nan aka haifi Kanar Shittu Alao a 1937, mutumin da ya riƙe rundunar sojin saman Nijeriya a tsakiyar yaƙin basasa, ya kuma rasu a cikin jirgin yaƙin da shi da kansa yake tuƙawa.

Asalin mahaifinsa Ogbomosho ne, kamar dubban Yarabawan da kuza da kasuwanci suka jawo tudun Jos tun zamanin Turawa, suka hayayyafa, 'ya'yansu suka tashi da Hausar Jos a baki. Alao ya fara aiki a sojin ƙasa. Da aka tashi kafa rundunar sojin sama, wadda dokarta ta fito a 1964, yana cikin hafsoshin da aka zaɓa aka tura horo Jamus, domin Jamusawa ne suka raini rundunar, har shugabanninta biyu na farko ma Jamusawa ne. George Kurubo ya gaje su, sannan a watan Agustan 1967, wata guda da ɓarkewar yaƙi, ragama ta koma hannun Alao. Shekararsa talatin.

Abin da ya gada bai taka kara ya karya ba. Runduna ce 'yar shekara uku, matuƙanta kaɗan, jiragenta yawanci na koyo da na jigila. A wannan watan ne jiragen MiG na Tarayyar Sobiyet suka iso Kano, aka kuma samo L-29 ƙirar Chekoslobakiya, jirgin koyo da aka ɗaura wa makamai. Daga baya Il-28 masu ɗaukar bama-bamai suka zo, akasari matuƙan Masar ke jan su. Shugaba a irin wannan hali yana iya zama a ofishinsa na Legas ya riƙa sa hannu a takarda, ba mai ganin laifinsa. Alao bai yi haka ba. An san shi da hawa jirgi ya fita kai hari da kansa, ya shiga haɗarin da yake tura yaransa ciki. Ni a ganina, kaifin tarihinsa ke nan, kuma darasi ne ga duk mai ba da umarnin da zai iya cin ran wani: kafin ka aiki ɗan mutane, ka san zafin hanyar da ƙafarka.

Ba zan ɓoye ɗaya fuskar ba, don ɓoyewar cin amanar matattu ce. Bama-baman jiragen gwamnatin tarayya sun faɗa kan kasuwanni da asibitoci a yankin Biyafara, sun kashe mata da yara waɗanda ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Mu mutanen Jos muna da dalilin jin wannan a jikinmu, domin da yawa daga cikin waɗanda ke ƙarƙashin jiragen nan maƙwabtanmu ne da suka gudu daga wannan gari bayan kashe-kashen 1966. Tunawa da matuƙi ba ta share su daga lissafi.

Ranar 15 ga Oktoban 1969 ya tashi shi kaɗai a cikin L-29. Yanayi ya ɓaci masa, mai ya ƙare, ya nemi saukar gaggawa a Uzebba, arewa da birnin Benin. Jirgin ya bugi bishiya, ajali ya cika. Wata uku cif bayan nan, ranar 15 ga Janairun 1970, aka karɓi miƙa wuyan Biyafara a Legas. Bai ga ƙarshen yaƙin ba.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne wannan. Idan aka zauna a majalisa a Jos ana jera sojojin da Filato ta haifa, za ka ji Yakubu Gowon, da Joe Garba, da Domkat Bali, da Jeremiah Useni. Ban taɓa jin an sako Alao ba. Sojoji sun sa wa barikinsu na Keffi sunansa, amma ƙasar da aka binne cibiyarsa ta yi shiru, kuma ina zargin sunan ne ya jawo: kunne ya ji Alao, sai zuciya ta ce baƙo. Wannan rabon na ɗan ƙasa da baƙo ya ci mana rayuka masu yawa tun rikicin Satumban 2001, ga shi har matattunmu yana rage mana.

Jos tana da makarantar sakandaren sojin sama, kuma cikin yaran da ke fareti a can akwai masu burin tuƙa jirgi. Ina so malamansu su ɗebe su a mota wata Asabar, su bi ta Barikin Ladi, su tsaya a Dorowa Babuje, su ce musu a nan aka haifi mutumin da ya shugabanci rundunarku yana ɗan shekara talatin, ya rasu yana da talatin da biyu.