Gilashi Mai Zuƙo Nesa da Hazon Arewa

Wani ɗalibina na ajin ƙarshe ya same ni a ofis makon jiya, ya ce shekara biyu ke nan yana tara kuɗin ɗaukar hoton biki, yanzu zai sayi gilashin kyamara mai zuƙo nesa, samfurin Sigma mai milimita 150 zuwa 600. Burinsa biyu ne: giwayen Yankari da wasannin Kano Pillars. Na ce ya zauna tukuna, domin kuɗin shekara biyu ba abin da ake kashewa a tsaitsaye ba ne.

Masu sayar da kayan hoto sun fi son a tsaya a kan yawan milimita. Gilashi mai milimita 50 yana nuna abu kusan yadda ido ke ganinsa, mai 600 kuwa yana tsuke fagen gani zuwa kimanin digiri 4, sai abin da ke can nesa ya cika hoton. Amma mai hoto bai gusa daga inda yake ba, kuma iskar da ke tsakaninsa da dabbar tana nan daram. Duk ƙurar da ke cikinta, da rawar da take yi idan ƙasa ta ɗau zafi, gilashin zai girmama su tare da giwar.

A nan ne lissafin ɗan Arewa ya bambanta da na wanda ya rubuta tallar. Namun dajin Yankari sun fi ganuwa da rani, lokacin da ciyawa ta bushe suka gangaro Kogin Gaji neman ruwa. Wannan kuwa shi ne lokacin hazon hunturu, daga bisani zafin bazara ya karɓa. Na taɓa yin kwana uku a dajin da aron irin wannan gilashi, na dawo da ɗaruruwan hotuna masu launin toka, kamar an ɗauke su ta bayan labule. Kaɗan da suka yi kyau da sanyin safiya na same su, ban ma zuƙo har ƙarshe ba. Ban raina gilashin ba: shi ya ba ni damar tsayawa nesa da giwa mai ɗa, wadda ba a yi mata shisshigi.

Filin ƙwallo kuma matsalarsa haske ce. Kafin a tsayar da ɗan wasa cak yana tsakar gudu, sai kyamara ta buɗe ta rufe cikin kashi ɗaya bisa 1,000 na daƙiƙa. Gilashin da ɗalibina ke so, idan aka zuƙo shi har ƙarshe, ƙofarsa ba ta wuce f/6.3, wato hasken da yake shigarwa kusan kashi ɗaya ne cikin biyar na mai f/2.8. Wasan da aka take da ƙarfe huɗu na yamma, kafin a tashi rana ta yi sanyi, a daidai lokacin da ake neman ƙwallon raba gardama. Shi ya sa za ka ga ƙwararru zaune a bayan raga da mai 70 zuwa 200, suna jiran wasan ya zo musu. Ga nauyin kusan kilo 2 a hannu na minti 90.

Ya ce, "To Malam, in fasa ke nan?" Na ce a'a, ya nemi aro ko haya, ya kai shi filin wasa na Sani Abacha sau ɗaya, ya kai shi daji sau ɗaya, sa'an nan ya duba hotunan a kwamfuta, ba a ƙaramin allon kyamara ba. Ya ce akwai mai irinsa a cikin abokan sana'arsa, zai tambaye shi kuɗin hayar kwana biyu.