Wasiƙa Zuwa ga Masu Gyaran Manyan Babura

Ya ku ƙannena da 'ya'yana a wannan sana'a.

Ba na raina ƙoƙarinku. Baburan da aka ƙera a Japan ku kuke riƙe da su a kan hanyoyinmu, ba isassun kayan aiki, ba kayan gyara a kusa, kuma inji in ya fito daga hannunku yakan yi lafiya. Allah ya yi muku albarka. Amma abin da kuke yi wa ƙafar gaba, wato shokozoban gaban babur, ya daɗe yana ci mini rai.

Mutum zai kawo Kawasaki KLR650 ko Suzuki DR650, yana shirin tafiya Damagaram ko Agadas da kaya niƙi-niƙi, ya ce, "Oga, in na kama birki gaba yana durƙushewa." Sai ku zazzage man shokozoba, ku tuttula man inji 20W-50, wani ma ya yanko guntun fayif ya cusa a kan sifirin, ya danna kan babur sau biyu ya ce, "Ka ji ya yi ƙarfi." Ƙarfin me? A tsaye cikin gareji kuka gwada, shi kuwa a kan gargada zai hau shi.

Aikin sifirin ɗaukar nauyi ne. Aikin mai kuwa hana sifirin yin tsalle yadda ya ga dama. A cikin ƙafar waɗannan babura akwai sandar ƙarfe mai ƙananan ƙofofi, ta nan mai ke kurɗawa duk lokacin da ƙafar ta motsa. Ƙofofin ba sa ƙaruwa ba sa raguwa, kuma matsalar ke nan. In motsi a hankali ne, kamar na kama birki, mai na wucewa salin-alin, gaba ya nutse. In taya ta daki bakin rami da gudu, man ba ya samun hanya, domin idan saurin motsin ya ninka biyu, turjiyar takan ninka kusan huɗu. Dukan sai ya ƙare a wuyan hannun mai babur.

To, ku kuma sai ku ƙara wa Barno dawaki. Kaurin man inji 20W-50 ya fi ninki uku na man shokozoba mai lamba 10W. Nutsewar ta ragu, haka ne, amma ƙafar ta daina haɗiye rami, kuma in ta lanƙwashe ba ta dawowa da wuri. A kan gargada kafin ta miƙe wani dukan ya iso, ta yi ta taƙurewa har taya ta riƙa barin ƙasa. Taya da ba ta ƙasa kuwa ba birki, ba juya kai. Da asubar hunturu, lokacin da man ya ƙara daskarewa, abin ya fi muni. Ran ɗan mutane kuke wasa da shi, na faɗa na kuma.

Iyayen gidanmu ba su da ko rabin kayan da kuke da su, amma ban taɓa ganin sun zuba mai da ido ba. Su cire sifirin, su danne ƙafar har ƙasa, su yi ta famfo har kumfa ta ƙare, sannan su zura rula su auna daga bakin bututu zuwa kan mai, hagu da dama daidai wa daida. Yaron da ya bar bambanci ranar zai sha faɗa har la'asar. A zamaninsu ne gasar Faris zuwa Dakar ta farko ta ratsa Agadas a 1979, Cyril Neveu ya ci a kan Yamaha XT500, daga baya Yamaha ta raɗa wa baburinta sunan hamadar Tenere ta Nijar. A lokacin ƙasarmu ce ma'aunin da duniya ke gwada ƙafar babur da shi. Yau kuma a ƙasar ake cika ta da robar ruwan da aka yanke baki. Wannan yana yi mini ciwo ƙwarai.

Ku yi haƙuri, na ɗaga murya. Gyaran na nan, kuma bai fi ƙarfinku ba. Kamfanin Race Tech na Amurka, wanda Paul Thede ya kafa, yana yin wani ɗan bawul da ke zama a kan sandar nan, ƙarƙashin sifirin. Za ku faɗaɗa ƙofofin ƙasan sandar da diril don su daina tare mai, aikin ya koma hannun bawul: a motsi na hankali yana rufe sai 'yar kafa, gaba ya tsaya da kyau lokacin birki, in an daki rami ya buɗe, mai ya wuce. Kaurin mai kuma da shi za ku daidaita saurin dawowar ƙafar. Bayan huda ku goge kaifin bakin ƙofofin, ku wanke ɓarɓashin ƙarfe tas, in ba haka ba shi zai cinye oyil sil. Ku kuma rage tsawon bututun da ke danne sifirin gwargwadon kaurin bawul ɗin.

Wanda ba shi da halin sayen bawul, ku zuba masa man shokozoba na gaskiya, a ma'aunin da littafin baburin ya faɗa. Ku tsaya kan kamfani ɗaya, don 10W ɗin wannan ba lallai ya zo daidai da na wancan ba. Guntun fayif kuma ku jefar da shi, ba ya ƙara wa sifirin ƙarfi, ɗaga gaba kawai yake yi. Ku sa mai babur ya hau da kayansa duka, ku auna: ƙafar ta sauka kusan kashi ɗaya cikin uku na iyakar tafiyarta. In ta zarce haka sosai, sifirin ne ya yi masa laushi, ku gaya masa gaskiya ya canza, ko da zai tafi wani gareji yana ƙunƙuni.

Wassalam.

Naku,
Tsohon makaniken babur