Kurkunu Ya Tafi, Saura Kwalara

Jama'ar karkara, da 'ya'yanku mazauna birni:

Duk wanda ya ba shekara arba'in baya, kuma a ƙauye ya tashi, ba sai an yi masa bayanin kurkunu ba. Ya ga ƙato majiyin ƙarfi kwance a zaure, ƙafa a kumbure, ana naɗe farar tsutsa a jikin tsinke kullum kaɗan-kaɗan, gonarsa kuwa ciyawa ta cinye. A binciken da aka yi a 1988, an ƙirga masu kurkunu fiye da 650,000 a Najeriya, babu ƙasar da ta kai ta yawa a duniya. A 2008 aka ga mai cutar na ƙarshe a ƙasar. A Disambar 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba Najeriya da Nijar shaidar rabuwa da ita. Yau yaron ƙauye sai dai ya ji sunan kurkunu a bakin kakarsa.

To, da me aka kore shi? Har gobe kurkunu ba shi da allurar rigakafi, ba shi da ƙwayar magani. An kore shi ne da ƙyallen tace ruwa, da hana mai ciwon tsoma ƙafa a tafki, da zuba magani a kududdufai, da haƙa rijiyoyi, da 'yan sa-kai na cikin gari masu bin gida-gida suna duba jama'a. Cibiyar Carter da UNICEF da gwamnati sun kawo kaya da kuɗi. Janar Yakubu Gowon ya yi shekaru yana zagaya ƙauyuka, yana matsa wa gwamnoni su samar da ruwa. Amma da matan karkara ba su ɗaura ƙyalle a bakin tulu kullum safiya ba, da duk wannan ɗawainiya ta tashi a banza. Mutanen ƙauye ne suka ci yaƙin nan da hannunsu. A riƙe wannan, don a kansa kiran nan ya tsaya.

Saura kwalara da 'yan uwanta. A 2021 Hukumar Daƙile Cututtuka ta Najeriya ta lissafa mutum fiye da 111,000 da ake zaton sun kamu da amai da gudawa, fiye da 3,600 suka riga mu gidan gaskiya. Bauchi da Jigawa da Kano da Zamfara su ne a kan gaba. Annobar ba ta tsaya a bakin iyaka ba, ta taɓa Maraɗi da Damagaram da Tawa. Wannan kuwa lissafin waɗanda labarinsu ya kai asibiti ne. Ban da jaririn da gudawa ta tsotse cikin kwana biyu aka binne shi da hantsi, ban da masu taifot, ban da yaran da tsargiya ta sa suke fitsarin jini, ban da waɗanda yawan gudawa ya jefa cikin tamowa suka kasa girma.

A faɗi maganar a fili, kunya ba ta warkar da ciwo. Kwalara da taifot da yawancin gudawar yara hanyarsu ɗaya ce: kashin mutum ne ke komawa bakin mutum. Wani ya tsuguna a bayan gari. Ƙuda ya sauka a kai, ya tashi ya sauka a kan tuwo. Kaza ta taka, ta shigo tsakar gida inda jariri ke rarrafe. Ruwan farko ya sauko, ya kwashe abin da aka tara duk tsawon rani, ya zuba a kududdufi da ƙorama da rijiyar da ba ta da dakali. Da safe a zo a ɗiba. Shi ya sa annobar ta fi tashi da damina, ruwa ba ya tsami banza. Binciken da gwamnatin tarayya da UNICEF suka yi a 2021 ya nuna mutum wajen miliyan 48 ke yin ba-haya a fili a Najeriya. Garin da aka haƙa masa burtsatse amma gidajensa babu masai, rabin aiki aka yi masa.

Ga kuma wahalar ɗiban ruwan. Masana lafiya sun ce mutum ɗaya na buƙatar aƙalla lita 20 a rana don sha da girki da tsabta. Gida mai mutum goma ke nan yana buƙatar lita 200, jarka takwas mai cin lita 25, kowace nauyinta kilo 25. Wa ke ɗauka? Mata da 'yan mata. Yarinyar da ta yi sawu uku zuwa rafi kafin hantsi, yaushe za ta isa makaranta? Mai tsohon ciki da ke jan guga daga rijiya mai gaba ashirin, wa ya tambayi lafiyar bayanta?

Abin takaici, ba rashin haƙa rijiyoyi ne ya kawo mu nan ba. An haƙa a zamanin hukumomin gwamnati na DFRRI da PTF, ana haƙawa da sunan ayyukan mazaɓu, ƙungiyoyin agaji ma suna haƙawa. Ku zagaya ƙauyukanku ku ƙirga: famfon tuƙa-tuƙa nawa ne hannunsa ya yi tsatsa? Tanki nawa ne ke tsaye a sama babu ɗigon ruwa a ciki? Faifan sola nawa aka kwance da dare? An zo da kiɗa da jawabi, an yanke ƙyalle, an ɗauki hoto, an tafi. Bayan 'yan watanni roba ta cinye ko sarƙa ta tsinke, abin da kuɗinsa bai kai na tunkiya ba, sai gari ya naɗe hannu ya ce kayan gwamnati ne, ita za ta zo ta gyara. Mata su koma kududdufi. Famfo kamar babur ɗin haya yake, kullum cikin aiki, in ba a yi masa juyen mai da canjin kaya ba dole ya kwanta. Rijiyar da ba ta da mai ita, mutuwarta ba ta da nisa.

Kada wani ya ce talauci ya hana. Jigawa ba ta cikin jihohi masu arziki, amma a Oktoban 2022 ita ce jihar farko a Najeriya da aka ba shaidar daina ba-haya a fili, duk ƙananan hukumominta 27. Hanyar da aka bi ba ta rabon masai kyauta ba ce. Ana tara mutanen gari, su zagaya da ƙafarsu inda ake tsugunawa, su ga da idonsu yadda ƙazantar ke dawowa cikin abinci da ruwan sha, sannan su da kansu su yanke ranar da kowane gida zai gama haƙa nasa. Wannan dabara a ƙauyukan Bangaladash aka fara ta wajen shekarar 2000, ta yi aiki a can, ta yi aiki a Jigawa. Abin da Jigawa ta yi, me zai hana Zamfara da Sakkwato da Kabi da Yobe?

Iyayenmu sarakuna, hakimai, dagatai da masu unguwanni, Allah ya ja zamaninku, ku ne farkon kiran nan. A da dubagari na shiga gida ya leƙa randa, ya duba masai, ya duba kwata, mai gida na rawar jiki. Wannan tsari da ƙarfin sarauta ya tsaya. Ku kafa doka a garuruwanku: kowane gida da masai mai murfi, kuma kada a ɗaura wa sabon gida ƙofa sai an haƙa masa. Ku naɗa wa kowace rijiya kwamiti, a sa mata a ciki, a damƙa musu ajiyar kuɗi, don su ne ke shan wahala ranar da famfo ya tsaya. A yanka wa kowane gida ɗan abin da zai riƙa bayarwa duk wata, ko kwanon hatsi da kaka, a rubuta a littafi, a karanta lissafin a bainar jama'a. A garuruwan Nijar da dama akwai mai tsaron famfo da ke karɓar 'yan kuɗi kan kowace jarka, da su ake gyara. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Malamanmu, Allah ya gafarta muku, mumbari na hannunku. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi gargaɗi mai tsanani kan biyan buƙata a mashayar ruwa, da kan hanya, da inuwar da mutane ke hutawa. Ku mayar da wannan huɗuba, ku maimaita ta har ta zauna. Ku fara da tsangayunku da masallatanku: almajiri ɗari ba tare da ban-ɗaki ba, ina ake so su je? Fastoci da shugabannin majami'u, ku ma kiran ya shafe ku, don ƙuda ba ya tambayar addinin mai gida.

Masu hannu da shuni, da 'yan ƙungiyoyin ci gaban gari da ke Kano da Kaduna da Abuja da Legas da Yamai: Sayyidina Usman bin Affan ya sayi rijiyar Ruma a Madina ya bar wa jama'a, waƙafin nan har yau yana nan. Zubaida matar Halifa Haruna Rashid ta kashe dukiya mai yawa wajen jawo ruwa zuwa Makka da gina tafkuna a hanyar alhazai daga Kufa, har yau da sunanta ake kiran hanyar. Kafin ku haƙa sabuwar burtsatse ku liƙa mata allon suna, ku tambayi matattun da ke garinku. Kuɗin sabuwa ɗaya zai tayar da matattu da yawa. In kuwa kun haƙa, ku haɗa mata da shago ko gona waƙafi, abin da ya fito a riƙa gyara da shi. Sadaka mai gudana ita ce wadda ruwanta ke gudana.

Samari, ga sana'a a ƙofar gida. Gyaran tuƙa-tuƙa, haɗa sola, zuba murfin masai na siminti, gina bakin rami da bulo don kada ya rufta a ƙasa mai yashi, duk abin koyo ne cikin ɗan lokaci, kuma kowane gari na buƙata. Ku yi gayya ku haƙa wa tsofaffi da zawarawa da masu lalura nasu. A nisanta masai da rijiya aƙalla mita 30, kuma ya kasance ta gangare, ba ta tudu ba.

Iyayenmu mata, randa taku ce. Ruwa kan fito da tsabta daga famfo ya gurɓace a gida, saboda moɗar da kowa ke tsomawa da hannu. A rufe randa, a rataye mata moɗa mai dogon hannu, a raba ta da kofin sha. Alif yana kwantar da laka ne kawai, ba ya kashe ƙwayar cuta, sai an tafasa ruwan ko an sa masa maganin kulorin an jira rabin awa. Kashin jariri ma yana ɗauke da cuta, a zuba shi a masai, a wanke fo, a wanke hannu da sabulu, in babu sabulu a sa toka. In gudawa ta kama yaro, kada a tsaya jiran gari ya waye. A ba shi ruwan gishiri da sukari nan take: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. A ci gaba da ba shi nono, a garzaya asibiti.

Ku kuma masu mulki, ba alfarma ake roƙo ba. Tun 28 ga Yulin 2010 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince ruwa mai tsabta da ban-ɗaki mai tsabta haƙƙin ɗan Adam ne. A Nuwamban 2018 Shugaba Muhammadu Buhari ya ayyana dokar ta-ɓaci kan ruwa da tsabta, a 2019 ya sa hannu kan umarnin kawo ƙarshen ba-haya a fili zuwa 2025. Wa'adin ya zo, aiki bai kammalu ba. Tsarin mulki ya ɗora wa ƙananan hukumomi kula da ban-ɗakunan jama'a da kwashe shara, kuma a Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa ba su kuɗinsu kai tsaye. Ciyaman da kansila, ku fito da jerin rijiyoyin yankinku, masu rai da matattu, ku liƙa a sakatariya. Ku ware kuɗin gyara a kasafi. Gwamnoni, ku sakar wa hukumomin ruwan karkara kuɗinsu, kada a biya ɗan kwangila sai an gwada ruwan an ga yana fita da rani. Kowace makaranta da asibitin ƙauye da kasuwa da tasha su sami ruwa da ban-ɗaki, na mata daban. Jama'a kuma, ranar da mai neman ƙuri'a ya zo da atamfa da taliya, ku kama hannunsa ku kai shi gindin mataccen famfo, a can za a yi maganar.

Kada a karanta wannan a ajiye. Juma'ar nan, bayan an sallame salla, mai unguwa ya tsayar da jama'a a ƙofar masallaci, a amsa tambaya uku: famfo nawa ne ya mutu a garin nan, gida nawa ne ba shi da masai, wa da wa za su riƙe asusun gyara? A rubuta sunaye, a sa rana, ranar ta kasance kafin saukar ruwan farko. Mai gatari ya kawo, mai shebur ya kawo, mai kuɗi ya kawo, mai ƙarfi ya shiga rami. Ɗan garin da ke birni ya buga waya gida yau, ya tambayi nawa ne kasonsa. Allah ya ba mu ikon tashi, ya raba 'ya'yanmu da ruwan da ke kashe su. Amin.