ZANCEN GIDA: Kafin Mu Ba Da Kafin Alƙalami

An gama kaka, gero da dawa sun shiga rumbu, an sayar da riɗi da gyaɗa, kuɗi ya ɗan shigo hannu. Yanzu ne iyalai da yawa a Kazaure da Babura da Roni da Gwiwa suke shawarar ƙara ɗaki, ko sake rufi, ko haƙa rijiya, ko sa wutar sola a shago. Yanzu ne kuma wahalar noman shekara guda takan salwanta a hannun mutum ɗaya cikin mako biyu. Ambaliyar 2022 ta rushe gidaje masu yawa a Jihar Jigawa. Ba duka ne laifin magini ba, amma ginin da aka yi wa ha'inci tun daga tushe shi ne yakan riga faɗuwa. Saboda haka a wannan wata bari mu duba yadda za mu sami ma'aikaci mai amana.

Kada mu fara da wanda ya zo ƙofa yana tallar kansa. Mu fara da waɗanda aka yi wa aiki. Mai unguwa da dagaci sun san maginin da aka sha kai ƙararsa, sun kuma san wanda ba a taɓa jin kansa da kowa ba. A garin da akwai Sarkin Magina ko shugaban masu sana'a, sai mu je mu gaishe shi mu nemi shawara, gama wanda shugabansa ya nuna yana jin kunyar ɓata masa suna. Mai sayar da siminti da kwano ma shaida ne, domin ya san mai biyan bashi da mai karɓar ragi a ɓoye. Kada kuwa mu manta da matan gida. Su ne suke tara kwanuka in ɗaki yana yoyo, sun san kafintan da ya buga wannan rufi.

Bayan an ba mu suna, gani ya kori ji. Sabon gini kowane yana da kyau, saboda haka mu roƙa a nuna mana wanda ya sha damina biyu ko uku. Mu dubi kusurwar bango ko ta tsage, mu dubi katakon rufi ko gara ta ci. Sa'an nan mu tambayi mai gidan, ba a gaban ma'aikacin ba: Ya gama a kan lokaci? Ya nemi ƙarin kuɗi a tsakiyar aiki? Da aka kira shi gyara daga baya, ya zo? Amsar ta ƙarshe ta fi sauran nauyi.

Mai buga bulo kuma mu tambaye shi bulo nawa yake fitarwa daga buhun siminti mai kilo 50. Yawansu shi ne rauninsu. Bulon kirki sai an yi ta ba shi ruwa har kwana 7, kankare kuwa ba ya kai cikakken ƙarfinsa sai wajen kwana 28. Wanda ya ce zai buga yau ya ɗora gobe, gaggawarsa mu ne za mu biya ta.

Zancen ruwa ya fi kowanne cin kuɗi, don haka mu ɗan tsaya a kansa. Ƙasarmu ba iri ɗaya ba ce. Wajen Roni da Kazaure akwai dutse a ƙarƙashi, ruwa kuwa yana kwance ne a cikin tsagar dutsen. Shi ya sa maƙwabci yakan sami ruwa, kai kuma a haƙa kusa da shi a tarar da ƙura. Mai haƙa rijiyar burtsatse na gaskiya zai ce a fara kawo masu awon ƙasa da na'ura, su rubuta inda ya kamata a haƙa da zurfin da ake zato. Wanda ya nuna wuri da yatsa ya ce, "Ko'ina akwai ruwa," mu yi masa godiya mu sallame shi. Tun kafin mota ta shigo, a rubuta kuɗin kowace mita, da wanda zai ɗauki hasara in ba a sami ruwa ba. A ƙasar rairayi irin ta wajen Babura kuwa, abin tsoro shi ne ruftawa, sai a tabbata mahaƙi zai ɗaure rijiyar da siminti yana haƙa yana sauka. Rijiyar hannu an fi so a ƙarasa ta a ƙarshen rani, watau Afrilu ko Mayu, sa'ad da ruwa ya yi ƙasa sarai. Wadda aka tsaya da haƙarta a Disamba tana iya ƙafewa da bazara. A kuma nisanta ta daga masai da kamar mita 30, saboda lafiyar yaranmu.

Takarda tana da amfani, amma ba ita ce aikin ba. Mai sa wayar lantarki ko sola, mu nemi ganin takardar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago, ko shaidar makaranta irin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu da ke Kazaure, domin wayar banza tana ƙone gida da mutanen ciki. Wanda ya ce yana da kamfani, ana iya duba sunansa a wayar hannu cikin rajistar hukumar CAC, wadda aka kafa a 1990. Duk da haka rajista tana nuna akwai kamfanin ne kawai, ba ta nuna halin mai shi.

Wajen ciniki, mu ji farashi daga mutum biyu ko uku. Wanda ya fi kowa sauƙi ƙwarai, mu tambayi kanmu ina zai rage ya fanshe, gama araha ba ta ado. In da hali mu sayi kaya da kanmu mu adana rasit, a yi jingar aikin hannu kaɗai. Kafin alƙalami ya zama kaɗan. Sauran a biya mataki mataki: an gama tushe a biya, an kai linta a biya, a riƙe wani abu sai an gwada aikin. Dukan wannan a rubuta, kowa ya sa hannu gaban shaidu biyu. Kowane ɗan aji shida a gidan zai iya rubuta shi a takardar makaranta.

Akwai abu ɗaya da yakan kama mu musamman. Mukan ce, "Ai ɗan'uwa ne, tare muke sujada," sai mu ji nauyin yin ciniki, balle rubutu. Ƙarshenta aiki ya lalace, gida biyu su daina gaisawa, magana ta kai gaban dattawan ikkilisiya. Zama a benci ɗaya ran Lahadi ba ya koya wa mutum gini. Rubutun nan yana tsare zumunci ne. Maƙwabcinmu Musulmi wanda gari ya shaida aikinsa, mu ba shi da zuciya ɗaya, ɗan'uwa kuma mu auna shi da mudun da muke auna kowa.

A ƙarshe, ma'aikata su ma suna bincikenmu. Sun san gidan da ake sa lebura ya yi ta sintiri a kan kuɗin yininsa, da gidan da ake sāke magana bayan an shirya. Gwanaye sukan guji irin wannan gida, sai ya rage da 'yan ci-da-ceto. Mu biya a ranar da muka ɗauka, mu ba da ruwan sha da inuwa, wanda ya yi aikin kirki kuma mu faɗi sunansa ga wasu. Allah ya ba mu masu amana, ya sa mu ma a same mu da ita. Sai wata mai zuwa.