Ku Daina Yi wa Wahala Kirari

Na gaji da masu cewa ƙaura tun ƙuruciya ce ke ƙarfafa zuciyar ɗan wasa. Ina ɗan shekara tara aka ɗauko ni daga Maraɗi zuwa zangon Kumasi. A makaranta ba na jin Turanci, ba na jin Tonanci, sai dai ƙwallo. Mu huɗu ne baƙi a ƙungiyar makarantarmu. Uku sun watsar da karatu da wasan, sun koma dako a kasuwar Kejetia. Wa ke ba da labarinsu?

Kullum sai a jawo mana Mo Farah, mai zinare huɗu a gasar Olamfik ta 2012 da 2016. To, a 2022 shi da bakinsa ya ce safararsa aka yi zuwa Birtaniya yana yaro, aka sa shi aikatau. Malaminsa na motsa jiki, Alan Watkinson, ya kai maganar ga hukuma har aka raba shi da gidan. Da babu malamin nan, da wa ya san shi?

Malamai, in baƙon yaro ya shigo ajinku, ku tambaye shi ko ya karya, ku nema masa takalmi.