Aradu da famfon garka: ɓarnar damina, sai rani ake ganinta

Jama'a, daga Yuni zuwa Satumba hankalinmu duka yana gona, ga gero ga wake. Garka kuwa mun bar ta, famfon sola na cikin rijiya, wayoyinsa a haɗe. Nan aradu ke samunmu, mu da ke noman rani a Gangara da sauran garuruwan Gulbin Kaba.

Da yawa muna zaton tiyon da aka binne take bi. Tiyon roba ba ya ɗaukar wuta, sai dai in ta faɗa wa icce kusa da shi, ta fasa shi ta cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Hanyarta waya ce: daga allunan sola ta shiga akwatin da ke sarrafa famfo, ta gangara har injin da ke ƙarƙashin ruwa. Ko can gefe ta sauka, ya isa ta ƙone akwatin.

Abin takaicin, ba mu ganewa sai bayan girbi, an riga an yafa irin albasa. A kunna, shiru. Kafin mai gyara ya zo daga Maradi iri ya fara bushewa, an koma guga.

Ƴan uwa da ke Kano, Legas ko Agadas, ku da kuka aiko kuɗin famfo, ku tambayi gida: an kafa ƙarfen da ke kai wuta ƙasa? In famfon ba ya aiki da damina, mai gyara ya kwance wayoyin, kuma a gwada shi tun Oktoba, kafin a sayi iri.