Me Kake Karantawa? Tambayar Da Ya Kamata Ta Shiga Gaisuwarmu

'Yan uwana ɗalibai, ina so in yi amfani da wannan fili da mujallarmu ta ba ni domin in jawo hankalinmu kan wata ɗabi'a da nake ganin tana yi mana illa, musamman mu da muke nazarin Hausa a nan garin Lafiya. Ɗabi'ar kuwa ita ce rowar labarin littafi. Za ka tarar muna ba juna labarin ƙwallon Ingila da fim ɗin da ya fito da wurin da ake samun abinci mai araha, amma da wuya ka ji wani ya ce da ɗan uwansa ga littafin da yake karantawa a makon nan, kuma ga dalilin da ya sa ya kamata shi ma ya duba shi. Abin da muke musanya kawai shi ne takardun darasi da tambayoyin jarrabawar bara. A nawa ra'ayin, ɗalibin Hausa da ya karanta littafi ya yi shiru da bakinsa rabin aiki ya yi, kuma mu da Hausa ba harshenmu na uwa ba ne mu muka fi kowa asara a cikin wannan shirun.

Harshen da na buɗi baki da shi Eggon ne. A ajinmu akwai masu jin Alago da Mada da Migili da Gwandara da Tibi, ga kuma Hausawa da Fulani da jikokin Barebarin da suka kafa garin nan. Hausa ce ta haɗa mu, kamar yadda take haɗa mai saye da mai sayarwa a kasuwa. Sai dai duk wanda ya yi nazari ya san Hausar da da yawanmu muka tashi da ita ta sha bamban da daidaitacciyar Hausa. Mukan ce "ya zo" alhali mace muke nufi. Mukan ce "motan Audu" maimakon "motar Audu". Mukan furta baki da baƙi iri ɗaya, haka kafa da ƙafa, ko bari da ɓari. Jam'in suna kuwa mukan kauce masa gaba ɗaya, mu ce "doki da yawa" a wurin dawaki. Wannan Hausar ta isa ciniki da zumunci, kuma ba abin kunya ba ce, amma wanda zai riƙe takardar digiri a fannin Hausa, ya koyar a makaranta ko ya yi fassara ko aikin gidan rediyo, ana sa ran ya wuce nan. Ƙa'idar jinsi da malami ya rubuta a allo takan gushe bayan jarrabawa, amma wanda ya ci karo da ita sau ɗaruruwa a cikin labari mai daɗi, kunnensa da kansa zai riƙa ƙin kuskuren.

To, me ya sa karatun mutum shi kaɗai bai wadatar ba? Dalili na farko yana cikin rubutun Hausa kansa. Rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna karin sauti, ba ya kuma nuna tsawon wasali. Kuka na hawaye da kuka ta miya rubutu ɗaya ne. Haka wuya na jiki da wuya ta wahala, haka gari da ake zama a ciki da gari na tuwo. Bahaushe yana kallon jimla zai san wanda ake nufi ya furta daidai, amma irina yakan fahimci ma'ana ya kasa furuci, kuma littafi ba shi da bakin gyara shi. Sai an zauna tare an karanta a bayyane, ɗan Kano ko ɗan Katsina na kusa ya ce ba haka ake faɗi ba. Shi ma Bahaushen yana da riba, domin da yawansu suna magana tiryan-tiryan amma a rubutu sukan haɗa kalmomin da ya kamata a raba, su rubuta "yazo" da "zaka". Mu da muka koyi ƙa'idojin rubutu da gumi mun fi saurin hango irin wannan. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Dalili na biyu shi ne littattafan Hausa ba su da mai talla in ba mai karatu ba. Wanda ya zagaya shagunan littattafai a Lafiya ya san galibin abin da zai gani littattafan firamare da sakandare ne da na addini. Ƙagaggun labaran Hausa sai an yi tattaki zuwa Kano ko Zariya, ko an yi saƙo. Ɗalibin da ya shigo aji ɗaya daga Akwanga ko Doma ko Keana ba zai nemi littafin da bai taɓa jin sunansa ba. Idan na gabansa bai gaya masa ba, zai gama shekara huɗu bai san komai ba sai littattafan da aka wajabta a kwas.

Tun da nake kira a faɗi, bari in fara da kaina. Littafin da ke hannuna a yanzu shi ne Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East, ɗaya daga cikin littattafai biyar da suka samo asali daga yunƙurin samar da ƙagaggun labarai da Hukumar Fassara ta Zariya ta yi da gasar 1933. Labarin Abubakar ne da Zainab, waɗanda suke son juna tun suna yara, sai attajiri Malam Shehu ya yi amfani da dukiyarsa ya aure ta, shi kuwa Abubakar ya shiga duniya neman hanyar ramuwa. Ba zan faɗi yadda ta kaya ba. Ina ba da shawararsa ga 'yan aji ɗaya saboda gajere ne, jimlolinsa ba su da sarƙaƙiya, kuma tambayar da ya tayar, wato wa ramuwar gayya take cutarwa a ƙarshe, tana nan da ranta har yau. Abin lura kuma, ɗaya daga cikin marubutan nan biyu Bature ne da ya koyi Hausa da girmansa. Wannan kaɗai ya isa ya cire wa irinmu tsoro.

Wanda ya gama shi sai ya nemi Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, domin ya sha dariyar yadda Alhaji Imam da Malam Zurƙe suke shirya wa juna tuggu, ya kuma ga yadda ake sarrafa barkwanci da Hausa. Daga nan sai Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya zama Firayim Ministan Nijeriya daga baya. Labari ne na zamanin bauta, na yaron da aka raba da mahaifiyarsa aka ƙetara hamada da shi, da irin wahalar da uwar ta sha wajen nemansa. Harshensa a natse yake, kuma Adamu Halilu ya mayar da shi fim a 1976. Magana Jari Ce kuwa, mai juzu'i uku da aka buga a ƙarshen shekarun 1930, shawarata ita ce kada a yi masa karatun gaggawa. Labari ɗaya a dare ya isa, da biro a hannu ana tsintar karin magana. Masu sha'awar fassara su lura da yadda Imam ya ɗauko labarai daga Larabawa da Turawa da Indiyawa ya sa musu rigar Hausa, ya ɗora su a bakin aku.

Kada kuma mu tsaya a kan na da kaɗai. So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwahid, wanda kamfanin NNPC na Zariya ya buga a 1980, shi ake ɗauka a matsayin ƙagaggen labarin Hausa na farko da mace ta wallafa. Gasar da Ma'aikatar Al'adu ta Tarayya ta shirya a farkon shekarun 1980 ta haifar da Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina da Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, waɗanda suka bar duniyar aljanu da sarakuna suka fuskanci cin hanci da ta'addancin zamani. Sannan ga Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990, labarin Rabi da mijinta ya kora da 'ya'yanta bayan ya yi amarya, ta tsaya da ƙafarta tana sayar da abinci. Aliyu Kamal ya fassara shi zuwa Turanci, wani kamfani a ƙasar Indiya ya buga fassarar a 2012. Ɗalibin fassara da ya ajiye na Hausa da na Turanci gefe da gefe zai koyi abin da lacca goma ba za ta ba shi ba.

Na san akwai masu ganin bai dace ɗalibin jami'a ya tallata littattafan soyayya ba, irin waɗanda aka laƙaba wa suna Adabin Kasuwar Kano. Wannan muhawara tsohuwa ce. Masana irin su Ibrahim Malumfashi da Abdalla Uba Adamu da Ibrahim Sheme da Yusuf Adamu sun fafata a kanta a shafukan jarida a shekarun 1990, kuma a 2007 har ƙona wasu littattafai aka yi a Kano. Gaskiya ne a cikinsu akwai masu raunin jigo da kurakuran rubutu. Amma In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino da ire-irensa su ne suka sa dubban matasa da matan aure karatun Hausa ba tare da bulalar malami ba. Aikin manazarci shi ne ya karanta, ya rarrabe tsaki da tsakuwa, ya faɗi hujjarsa. Wanda ya yanke wa littafi hukunci bai buɗe shi ba, ji-ta-ji-ta yake yaɗawa. Haka nan labaran da ake turawa a WhatsApp a yau. Ana iya karanta su don nishaɗi da nazari, amma mai koyon rubutu ya yi hattara, domin yawancinsu ba su bin ƙa'ida, ba ƙugiya a haruffa, ba rabon kalma.

Akwai kuma masu cewa sun daina ba da aron littafi saboda ba a dawowa da shi. Kukansu yana kan hanya, domin littafin da aka yi saƙonsa daga Zariya ba abin wasa ba ne ga ɗalibin da ke lissafin kuɗin abinci. Amma maganin wannan tsari ne. Littafin da aka kulle a akwati don tsoron ɓata, gara da ƙura ne za su gaje shi.

Saboda haka ina ba da shawarwari huɗu ga ƙungiyarmu ta ɗaliban Hausa. Na farko, a ware rabin sa'a a kowane mako inda mutum biyu ko uku za su tashi su faɗi abin da suke karantawa, kowa ya karanta shafi ɗaya a bayyane a gyara masa furuci. Na biyu, duk mai ba da shawarar littafi ya faɗi abu uku: wa ya rubuta shi, me ya ƙunsa, kuma wa zai fi amfana da shi. Cewa "yana da daɗi" kawai ba ta isa ba, kuma in akwai inda littafin ya gaza a faɗa. Na uku, a buɗe rajistar aro a hannun sakatare, a rubuta sunan mai littafi da mai aro da ranar dawowa, wanda ya ɓatar ya biya. Na huɗu, wannan mujalla ta ware shafi guda a kowace fitowa domin gajerun sharhin ɗalibai. Idan ajin mutum talatin kowa ya sayi littafi ɗaya daban da na ɗan uwansa, kowannensu ya sami damar karanta talatin da kuɗin guda.

'Yan uwa mata kuma su tuna cewa tun 2016 Sashen Hausa na BBC ya fara gasar Hikayata domin gajerun labaran mata. Babu abin da zai hana 'yar Alago ko 'yar Mada da ta yi karatu a Lafiya ta shiga irin wannan fage ta yi zarra, amma ba a zama marubuci sai an zama makaranci.

Daga ƙarshe, ina roƙon kowane ɗayanmu, idan ya gaisa da ɗan ajinsa ya tambayi lafiya da karatu, ya ƙara da tambaya ɗaya: me kake karantawa? Wanda ba shi da amsa yau, kunya za ta sa ya nemo ta kafin mako mai zuwa. Ni dai Jiki Magayi yana hannuna, kuma da zarar na gama, wanda ya riga sa suna a rajista shi ne mai ɗauka.